Wasiƙar godiya ga kwamitin kulob ɗin gara ƙwallo na unguwarmu a Gilasgo

Zuwa ga Shugaba, Sakatariya, Ma'aji, mai kula da fili, da ɗaukacin 'yan kwamiti,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ranar da aka rufe kakar wasa na kawo muku kati da hannuna, amma kati wurinsa kaɗan ne, kuma abin da ke raina ba ya fita duka da Turanci. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da harshen da na tashi da shi. 'Yata ta yi alkawarin za ta fassara muku shi a taronku na gaba. Na kuma sa shi a fili saboda 'yan'uwana Hausawa mazauna Birtaniya, waɗanda kullum suke wucewa ta gefen irin wannan koren fili mai shinge, ba su taɓa leƙawa ba.

Shekara uku ke nan da maigidana ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, abin ya tsaya a gefen hagu, baki ya dawo, ƙafa ta ɗan taka. Likitoci sun yi nasu, ba mu da abin cewa sai godiya. To amma da aka sallamo shi sai wani ciwon ya biyo baya, wanda ba a rubuta masa magani. Malam mutumin Zariya ne, ya tashi a gidan da ba a rasa majalisa a ƙofarsa bayan la'asar. Da muka zo nan, wurin aiki da masallaci suka zame masa majalisa. Rana ɗaya aiki ya tsaya, tuƙi ya tsaya. Duk wanda ya san hunturun Sikotilan ya san kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara shiga. In dawo daga aiki in tarar da shi a kujerar da na bar shi, yana fuskantar taga, shayin safe ya huce a gefensa. In ce, "Malam, sannu da gida," ya amsa a taƙaice, shi ke nan hira ta ƙare. Ban taɓa faɗa wa kowa irin tsoron da na ji a watannin nan ba.

Ma'aikaciyar da ke gasa masa jiki ce ta fara ambaton wasanku, wanda kuke kira bowls, mu kuma a gida muka raɗa masa gara ƙwallo. Da farko ya ƙi. Ya ce wannan ai na dattawan Turawa ne masu fararen kaya. Ɗanmu ne ya tuna masa cewa shi da kansa ya kai su filin shaƙatawa na Kelvingrove a 2014, lokacin da Gilasgo ta karɓi wasannin ƙasashen Commonwealth, suka zauna suna kallon wannan wasan da ginin jami'a a can samansu. A shekarar ce Darren Burnett, wanda a lokacin ɗan sanda ne, ya ci zinare a wasan ɗai-ɗai, Alex Marshall da Paul Foster suka ci na bibbiyu, Sikotilan ta kuma haɗa da na hurhuɗu. Malam ya yi shiru, can ya ce ya tuna yadda ƙwallon ke tafiya kamar za ta ɓace sannan ta juyo. Bayan mako biyu muka ga sanarwarku a jikin shinge, cewa akwai ranar gwaji ta Try Bowls, kowa ya zo, ba a biyan komai.

Ba zan manta da wannan Asabar ba. Muna isa ƙofa Sakatariya ta taso ta tarye mu. Ba ta tsaya kallon sandarsa ba, ba ta kuma tsaya kallon hijabina ba. Ƙafafunmu ta duba, ta ce takalmi mai tudu ba ya hawa ciyawa, ta shiga ɗaki ta fito da masu shafaffen ƙasa guda biyu. Wani dattijo ya shimfiɗa 'yar tabarmar roba, ya gara ƙaramar farar ƙwallon da ake kira jak, wadda kowa ke so ƙwallonsa ta tsaya kusa da ita, har ta yi nisa, ya miƙa wa Malam baƙar ƙwallo. Ya nuna masa cewa ba zagayayya ba ce sosai: gefe ɗaya an fi fafe shi, shi ya sa take karkata idan gudunta ya ragu, kuma gefen da ke da ƙaramin tambari nan ne za ta lanƙwasa. Malam ya gwada sunkuyawa, ƙafar hagu ta ƙi. Na ga fuskarsa ta canza, na san kalmar da ke tafe ita ce mu tafi gida. Kafin ya furta, dattijon ya ɗauko wata doguwar sanda mai baki kamar awartaki, wadda ke riƙe ƙwallo mutum ya sake ta yana tsaye. Ya ce ba shi kaɗai ke amfani da ita a nan ba, ya nuna wasu can gefe. Ta farko ta faɗa kwatar da ta kewaye filin. Ta biyu ta tsaya rabin hanya. Ta shida ta fita can dama, ta rage gudu, ta juyo a hankali har ta zo ta jingina da jak. Dattijon ya taka har can, ya zaro alli daga aljihu ya yi mata alama, ya ɗaga hannu. Masu wasa a layin da ke kusa da namu a filin suka tafa. Na juya na ga Malam yana dariya har haƙora a waje, abin da rabona da gani tun kafin asibiti. Na koma bayan rumfa na share hawaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ku ɗauke shi a matsayin majinyaci ba. Kun sa shi a ƙungiyar mutum huɗu, a gurbin mai farawa, inda ake sa kowane sabon shiga: shi zai shimfiɗa tabarma, ya gara jak ta wuce mita 23, ya ajiye ƙwallayensa biyu kusa da ita. Idan ya yi sakaci jagoran ƙungiya yana faɗa masa daga can ɗaya ƙarshen, kamar yadda yake faɗa wa kowa. Ranar da ya riƙe ƙwallo a juye ta karkace ta shiga layin maƙwabta, an yi masa tsiyar da ake yi wa kowa. Da aka zo ga al'adar da ke cewa mai wannan kuskure shi ke sayen abin sha, Shugaba ya ce na Malam shayi ne da biskit, aka wuce wurin.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa da yawa daga cikinmu ke ɗari-ɗari da irin waɗannan wurare. Gaskiya ne akwai mashaya a cikin ginin kulob, kuma wani kaso na kuɗin da ke riƙe kulob daga nan yake fitowa. Ban ɓoye muku damuwata ba, ku ma ba ku yi kamar ba ku gane ba. Ba a taɓa tura masa kofi ba, ba a taɓa tambayarsa dalili ba. Matan da ke shirya abin taɓawa bayan wasa suka riƙa ware faranti na ƙwai da cuku da kifi, suna rufe shi daban. Da ya ce ba ya sayen tikitin cacar da ake yi don tara kuɗi, Ma'aji ya ajiye masa gwangwani ya riƙa jefa gudummawarsa kai tsaye. Wasan yamma a nan yana cin lokacin la'asar, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma. Sakatariya ta ba shi mabuɗin ɗakin taron kwamiti, yanzu dardumarsa tana nan a naɗe a kan kabad, kusa da kofunan gasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi da hayaniya ko neman yabo.

Godiya ta musamman ga mai kula da fili. Da ina zaton ciyawa ce kawai ake yankewa. Sai da na fara wucewa ta nan da asuba idan na taso daga aikin dare, na riƙa ganinsa shi kaɗai da doguwar sanda yana kaɗe raɓa, don idan ta kwana a kan ganye tana jawo cutar da ke cin ciyawa ta bar tabo. Fili ne mai kusurwa huɗu da bai wuce mita 40 ba, amma sai an aske shi sau da yawa a mako har tsawon ciyawar ya koma kamar milimita 5, a danne shi, a shayar da shi daidai gwargwado. Yana matsar da alamomin layuka, yana sauya fuskar da ake wasa, don kada wuri ɗaya ya zaizaye. Da an rufe kaka, lokacin da kowa ya koma ɗaki, shi aikinsa ya fara: ya karce matacciyar ciyawa, ya huhhuda ƙasa ta sha iska, ya watsa yashi da sabon iri. Wata safiya na tsaya na gaishe shi, ya durƙusa ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya ce in taɓa in ji. Santsi kamar shimfiɗa. Ni 'yar manomi ce, na san hannun da ya san ƙasa idan na gan shi. Allah ya ƙara masa lafiya.

Haka kuma sai da na halarci babban taronku na shekara na san nauyin da kuke ɗauke da shi. 'Yan kwamiti ba mai karɓar ko kwabo. Ma'aji ya tashi ya karanto kuɗin inshora, na wuta, na ruwa, na gyaran injin aski, na rajista da hukumar Bowls Scotland, ya nuna inda aka samu da inda aka gaza. Akwai mai tsara jadawalin wasa da sauran kulob-kulob, akwai mai neman motocin da za su kai mutane wasan waje, akwai jerin masu dafa shayi da wanke kofuna manne a bango. An yi gardama mai zafi a kan ƙarin kuɗin zama mamba, wata dattijuwa ta tashi ta ce a tuna da masu rayuwa da fansho kaɗai, aka amince a riƙa biya kashi-kashi. Mu ma wannan shawarar ta rufa mana asiri a shekarar da albashi ɗaya ne ke shigowa gidanmu.

Ƙwallayen da Malam ke wasa da su yanzu na wani mamba ne da ya rasu. Matarsa ta kawo su kulob ta ce a ba wanda zai mora, kuka zaɓe shi. Guda huɗu ne a tsohuwar jakar fata, ƙirar kamfanin Taylor. Wannan suna ya sa Malam ya koma karatu, ya zo yana ba mu labari a kan tebur: cewa kamfanin a nan Gilasgo yake tun 1796, cewa da can da wani itace mai nauyi ake sassaƙa ƙwallayen kafin a koma roba mai tauri, cewa dokokin da ake bi a yau sun samo asali ne daga waɗanda William Mitchell, mutumin wannan gari, ya wallafa a 1864, kuma an kafa ƙungiyar wasan ta Sikotilan a 1892. Har filin garin Southampton na Ingila da ake wasa a kai tun 1299 yana so mu je ya gani. Mutumin da ya yi wata da watanni ba ya haɗa jimla uku, yanzu sai na ce, "Malam, tuwo zai huce." Duk ranar da zai fita sai ya goge ƙwallayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tambayi lafiyar matar da ta bayar da su.

Ba ni ce zan ce wasa ya warkar da shi ba, waraka ta Allah ce, hannun hagu har yanzu yana da nauyi. Abin da idona ya gani shi ne wasa ɗaya yana ɗaukar sama da awa biyu, ana kai da komo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma yanzu yana gamawa ba tare da ya nemi kujera ba. Da aka kwantar da shi kwana huɗu a bara, mutum biyar daga kulob suka zo dubiya, ɗaya ya kawo masa takardar sakamakon wasan da bai samu halarta ba. Da hunturu ya shigo ba ku bari an watse ba, kun shimfiɗa doguwar darduma a cikin zaure ana ci gaba da garawa.

A wajen taron na ji ana maganar kulob-kulob da suka rufe saboda mambobi sun tsufa, sababbi ba su shigo ba, wasu filayen har an gina gidaje a kansu. Maganar ta dame ni ƙwarai. Don haka ina kira ga 'yan'uwa da ke Gilasgo, Edinbara, Manchester, Landan da sauran garuruwa: idan akwai dattijo a gida da ke zaune shiru, ko mai jinya da ke farfaɗowa, ko ma matashi, ku tura ƙofar nan ku yi sallama. Mata ma suna wasa, ni kaina na fara, da doguwar rigata da hijabina, ba wanda ya ce uffan. Takalmi mai shafaffen ƙasa kaɗai za a nema, shi ma ana ba da aro.

Shugaba, na sa sunana a jerin masu shayi na ranar buɗe fili a watan Afrilu. Zan zo da masa da miyar taushe, tunda Ma'aji ya ce wadda ya ɗanɗana a gidanmu har yanzu tana ransa. Malam kuma ya ce in shaida muku ya amince da roƙonku, zai riƙa tsayawa a ƙofa ranar gwaji yana tarbar baƙi.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuriyarku, ya bar zumunci.

Taku mai godiya,
Uwargidan ɗaya daga cikin mambobinku,
Kudancin Gilasgo