Wasiƙa daga Barikin Ojo

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka aiko ta bakin ƙanenka, wato ko da gaske ne na shiga soja don in yi busa. Da gaske ne, sai dai hanyar ta fi yadda ka zata tsawo.

Ranar da na isa Depo a Zariya babu wanda ya miƙa mini begila. An aske mini kai kamar kowane kurtu, na yi wajen wata shida ina gudun asuba, ina fareti, ina koyon kwance bindiga da harhaɗa ta, domin a wurinsu ɗan badujala soja ne tukuna kafin ya zama mabushi. Sai da aka yaye mu sannan aka turo ni makarantar kiɗa ta sojan ƙasa da ke Ojo, a Legas.

A nan ne algaitar da na gada wurin Baba ta nemi kunyata ni. Ka san yadda muke cika kumatu da iska, muna shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. To, begila ba ta son haka. Sajan ɗinmu yakan sa yatsa ya danna mini kunci, ya ce iska daga ciki za ta taso, leɓɓa kuma su matse. Begila ba ta da rami ko maɓalli, duk sautin daga leɓe yake fita, shi ya sa makon farko ko shayi da ƙyar nake kurɓa. Karanta kiɗa a takarda, layi biyar da ɗigo-ɗigo a kansu, ya fi ba ni wuya, ni da na saba ɗaukar take da kunne.

Yanzu muna shirin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Kullum muna maimaita tsohon taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayun 2024, tare da busar ban-kwana da ake yi wa mamata, wadda idan an fara ta fili kan yi tsit, kuskure ɗaya kowa ya ji shi. Ita nake tsoro, ita kuma nake roƙon Allah a ba ni.

Baba ya daina fushi. Ya ce tunda busa ba ta bar gidan ba, in je da kakin. Idan ka zo hutun sallah, ka biya ka gaishe shi.

Naka,
amininka