Takardar Koke kan Ciwon Kumburin Ciki da ke Cinye 'Ya'yanmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, Uban Ƙasarmu,
ta hannun Mai Girma Dagaci,
Ƙaramar Hukumar Isa, Jihar Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka na ƙauyukan bakin iyaka muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka yafe mana in harshenmu ya yi kaifi. Ɗa ba ya da wurin kai kuka sai gaban uba.

Ranar Talatar da ta wuce muka binne wata yarinya 'yar shekara bakwai. Cikinta ya kumbura kamar tulu, hannuwanta kamar sillen kara, ba ta riƙe ko kunu. Kwana huɗu ubanta yana neman motar da za ta yarda ta bi hanyar Sakkwato, ka san halin hanyar nan da 'yan bindiga. Kafin a samu, rai ya yi halinsa. Ƙanenta yana kwance yanzu haka da irin wannan ciki, kuma rijiya ɗaya suke sha da 'ya'yan duk wanda ya sa hannu a takardar nan.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. A watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da mutum 164 da ake zargin sun kamu a mazaɓu shida na Isa, huɗu sun rasu, yawancinsu yara ne 'yan shekara 4 zuwa 13. Ta kuma ce an ga dalma da wani sinadari, kuromiyom, a jinin waɗanda aka fara gwadawa. A rediyo muka ji. Baƙi sun zo ƙauyenmu da kwalabe, sun ɗebi ruwa, sun ɗebi ƙasa, sun ɗebi jinin yara, muka shimfiɗa musu tabarma muka yi musu addu'a. Har yau babu wanda ya dawo ya ce mana wannan rijiya ku sha, waccan ku bari. Mun aika wakilai, mun rubuta, mun sake aikawa, mun ma daina ƙirgawa.

Allah ya taimake ka, ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Bagega da Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu, saboda niƙan dutsen zinare a cikin gida. Can sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yara maganin fitar da gubar, domin magani ba ya amfani in yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta sa shi ciwo. Gulaben da muke noman rani a bakinsu ta Zamfara suke ratsowa. Shin ruwan ne, ko maganin feshin da ake sayar mana a leda ba suna ba takarda, ko hatsin ne? Mu manoma ne, ba mu da na'ura.

Saboda haka muna roƙon ka ɗauki maganarmu zuwa gaba. A zo a gwada kowace rijiya da tafki, da ƙasar tsakar gida, da gero da masarar da ke rumbunanmu. A gwada jinin yara a nan gida, kada a ce sai mun kai su birni. Rijiyar da aka samu da guba a rufe ta, a haƙa mana burtsatse. A kuma sanar da hukumomin Maraɗi, domin 'yan'uwanmu na tsallake kasuwa ɗaya muke ci, wasu 'ya'yanmu ma suna gudun hijira a Gidan Runji.

Sannan, ranka ya daɗe, a faɗa mana sakamako. Da Hausa, a ƙofar fadarka ko a masallacin Juma'a. Lokacin ƙidaya da zaɓe ana gane hanyar ƙauyenmu ko da damina, ba mu ga abin da ya ɓatar da ita yanzu ba.

A faɗa mana abin da aka gani a jinin 'ya'yanmu.

Mu ne naka masu biyayya,
Masu unguwanni, limamai, dattawa da iyaye mata na ƙauyukan bakin iyaka.