Wasiƙa daga Jidda zuwa Unguwar Rogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya Inna da jikin nata? Ya sanyin Jos? Ni nan lafiya lau, alhamdu lillahi, aiki na tafiya. Na rubuta wannan a takarda na ba Alhajin da zai dawo daga Umra ya miƙa maka hannu da hannu, saboda saƙon murya a waya yake zama, wayar gidanmu kuwa ba wanda ba ya ɗauka. Ka fara karantawa kai kaɗai, sannan ka zaɓi abin da ya dace Inna ta ji.

Labari ya iso ni cewa an kwashe kuɗin da ke asusun Inna. Kai ba ka faɗa min ba, Auta ma bai faɗa min ba. A guruf ɗin unguwa na gani, wani ya rubuta jaje ga gidanmu, jama'a na ta jera amin a ƙasa. Ni da na yi gumin kuɗin, duk unguwa ta riga ni sani. Wallahi abin ya yi min ciwo, Yaya. Na san Inna ce ta ce a ɓoye min don kada hankalina ya tashi, amma kai babba ne, da ka kira ni.

Yadda aka ba ni labari, wani ne ya bugo mata, ya kira cikakken sunanta, ya ce daga banki yake, wai BVN ɗinta ya sami matsala za a rufe asusun kafin yamma. Ya ce lambobi za su shigo wayar, a karanto masa. To Inna ba ta karanta boko. Wa ya karanto masa lambobin? Ban ce Auta ya ci ko sisi ba, Allah ya kiyaye in ɗora wa ɗan'uwana abin da ban gani ba. Amma yaron da yake wuni da waya a hannu, wanda ya san kowane lungu na intanet, a ce bai san banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ba? Ka zaunar da shi ku biyu, ba a gaban Inna ba, ka tambaye shi gaskiyar abin da ya faru.

Ga abin da nake so a yi, kuma don Allah kada a ɗaga. Ka ɗauki Inna a keke ku je reshen bankin da kanku, da katinta na ɗan ƙasa. A toshe tsohon katin, a karɓi sabo, a canza lambar sirri, kai kaɗai za ka san ta. Kada a rubuta ta a bayan kalanda ko a jikin kwalin magani kamar yadda aka yi da ta farko. Ku shigar da ƙorafi a rubuce, su buga muku hatimi a kwafin. Ko kuɗin bai dawo ba, a sami shaida. Layin da alat yake shigowa kuma a cire shi daga babbar waya, a sa a ƙaramar nan mai tocila, ta zauna a ɗakin Inna. A sa wa layin kansa lambar kullewa, domin ɓarayin yanzu ba wayar ce ta dame su ba, layin suke cirewa su sa a wata, su danna lambobin banki su kwashe abin da ke ciki. Idan an ɗauke wuta aka kai waya shagon caji a bakin titi, a cire layin tukuna. Ka kuma duba ko da sunanta aka haɗa layin da NIN. Ka tuna yadda aka rufe wa mutane layuka a 2024 kan wannan maganar, har Goggo ta rasa nata. Layin Inna da sunan Inna, ba da sunan wani yaro ba.

Na turo riyal 1,000 ta hannun ɗan canjin da na saba da shi. Ranar da na tura, riyal yana wajen naira 400, don haka ka ga abin da ya shigo. Asusunka na sa, da gangan, kuma nan zan ci gaba da sawa har sai an gyara na Inna. Wani lokaci ina tsayawa ina mamakin abin nan: na miƙa masa takardun riyal a shagonsa, ya danna waya, ban kai ga shiga mota ba kai ka ji ƙarar alat a Jos. Lokacin da Kawu yake nan, sai an jira alhazai sun dawo kafin a ga saƙonsa a ƙulle cikin tsumma. Allah ya kawo mana sauƙi, sai dai ta hanyar da kuɗin yake shigowa da sauri, ta nan yake fita da sauri.

Ka fara cire kuɗin maganin Inna na wata biyu. Ka sayi buhun masara da rabin na shinkafa. Ka ba maman yara naira 80,000, ka ce mata na makaranta ne da cefane, sauran zai biyo baya in an yi mana albashi. Kuɗin taransifoma da aka yanka wa kowane gida ka biya namu, ka karɓi rasit, ka sa hotonsa a guruf yadda kowa ke yi, don kada a jera sunan gidan Baba cikin waɗanda ba su biya ba. Abin da ya rage ka riƙe. Kada ka ba Auta ko naira ɗaya a hannu sai mun yi magana.

Kada ku damu da ni. Kaya muke ɗorawa da saukewa a sito, zafi ne kawai, kuma jiki ya saba. Bayan nan da ya ɗan taɓa ni ya yi sauƙi. Maganar sabunta igama, wato takardar izinin zama a nan, ce a gabana, kafili, ubangidan da nake ƙarƙashinsa, ya ce zai duba, shi ya sa na wata mai zuwa zai iya raguwa kaɗan. Kada a faɗa wa Inna wannan. Mu shida ne a ɗaki, akwai ɗan Bukur a cikinmu, ranar Juma'a mukan yi tuwo mu zauna muna hirar gida.

Maganar Ladi da na'urar POS da take so, na amince. Na yi tunani sosai, kuma ina ganin yarinyar ta fi mu hangen nesa. Matan layinmu da ba sa fita, yanzu duk sana'arsu a waya take. Wannan ta ɗora atamfa da leshi a sitatus, waccan humra da turaren wuta, wata cincin da dubulan na biki, ana turo musu kuɗi daga Bauchi da Abuja. Adashin ma ta tiransifa suke zubawa. Amma idan suna son kuɗi a hannu sai sun aiki yaro bakin titi da kati da lambar sirri, kai ma ka san abin da hakan ke jawowa. Idan Ladi na da na'ura a cikin gida, mace za ta shigo da kanta ta danna lambarta ba wanda ya gani. Ka tuna farkon 2023 da aka canza takardun 200 da 500 da 1,000, yadda mutane suka kwana a layin banki, masu POS suka yi ta yanka son ransu, har masu tumatir a Farin Gada suka koma karɓar tiransifa dole. Tun daga lokacin abin bai koma baya ba.

Sai dai da sharaɗi. Ta yi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ake nema a wajen masu POS, kada a zo ana yi mata barazana daga baya. Ta sami littafi ta riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, kai kuma ka duba shi duk mako. Kada ta taɓa ba mutum kuɗi don ya nuna mata hoton rasit a wayarsa, ko don saƙo ya shigo mata. Ta buɗe asusun ta ga kuɗin ya hau da idonta, domin alat na bogi ya yi yawa. Naira 50 da ake cirewa idan kuɗi ya kai 10,000 ta sa shi a lissafinta, in ba haka ba ribar za ta zurare ba ta sani ba. Jarin zan turo shi daban, kuma shi ma asusunka zai shigo. Ba bashi ga kowa, ko matarka ce, ko tawa.

Yaya, ina cikin guruf ɗin nan na unguwa dare da rana, shi ne ya zame min tagar da nake leƙa gida. A nan nake jin rasuwa da lokacin jana'iza, in yi ta'aziyya kafin a dawo daga maƙabarta. A nan na ga daren da aka nemi jini wa matar mai shayi tana asibiti, kafin asuba samari uku sun je. Da azumi ina tashi daga aiki in kunna tafsirin masallacinmu da yara suke haskawa kai tsaye a Facebook, in hango ka a sahun gaba da jar hularka, in hango gurbin da Baba yake zama kusa da ginshiƙi, wani ne a wurin yanzu. Ranar sai da na fita waje na bar abokan ɗaki. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Amma guruf ɗin yana neman kashe ni da fargaba. Kwanakin baya wani ya turo bidiyon hayaƙi da mutane na gudu, ya ce yanzu-yanzu ne a hanyar Terminus. Na kira ka ba ta shiga, na kira maman yara a kashe. Ban runtsa ba. Washegari aka gano tsohon bidiyo ne, ba ma na Jos ba. Mu da muka ga 2001 da 2008 da 2010, muka ga dokar hana fita ta 2021, mun san yadda magana ɗaya take sa a rufe shaguna, matasa su fito kan titi. Kuma da na bi sawun waɗanda suka yaɗa shi, har da lambar Auta. Ka je ka sami Mai Unguwa da Malam Liman, ka ce ni na roƙa: duk ranar da aka ce gari ba lafiya, a kulle guruf ɗin ya zama admin ne kawai ke rubutu, kuma kada su rubuta sai abin da suka tabbatar. Wanda ya turo ƙarya a yi masa gargaɗi, ya maimaita a cire shi, ko ɗan gidan wa ye. A fara da namu.

Na dawo kan Auta. Don karatu na saya masa wayar nan. Shekarar 2024 ya ƙare ta yana dangwalen waya na neman kuɗin kirifto, wai zai fashe, me ya samu? Yanzu kuma na ji ana jan su wata harka ta zuba kuɗi a intanet, wai a ninka maka cikin wata guda. Ka tuna masa da MMM a 2016, mutane nawa muka sani da suka yi kuka? Ban yarda ba, ban yarda ba. Na ga kuma bidiyoyinsa a TikTok, yana rawa a ƙofar gida da hular Baba a kansa. Abokin ɗakina ne ya nuna min, na rasa inda zan sa fuskata. Kuɗin data ya tashi da kashi 50 cikin 100 tun farkon 2025, kuma ni ne nake biya. Daga yau na wata-wata kawai za ka sa masa, in ya ƙare ya ƙare.

Duk da haka kada ka dake shi, kuma kada ka ƙwace wayar. Yaron yana da kai. Shi ya gyara wa Goggo wayarta, shi yake cika wa tsofaffin layinmu fom. Yana ƙarami na bar gida, ba uba, ni ma ba na nan, ban san irin abin da yake ji ba. Idan an buɗe rajistar JAMB ka raka shi da kanka. Da NIN ɗinsa da layinsa na kansa za a yi, kada mai shagon intanet ya sa tasa lambar don sauri, saboda duk saƙon da zai biyo baya ta wannan layin zai zo. Jarrabawar a kwamfuta ake yi, ya je ya riƙa gwadawa tun yanzu. Idan ya ci, ko Jami'ar Jos ce ko wata, ni zan ɗauki nauyinsa in Allah ya yarda. Idan kuma gyaran waya yake so, ka nema masa ubangida mai amana, zan biya kuɗin koyo. Ka faɗa masa haka daga bakina.

A cikin jakar da Alhaji zai ba ka akwai abin cajin waya mai ajiye wuta guda biyu, ɗaya na ɗakin Inna, ɗaya na maman yara, don a daina ce min waya ta mutu. Akwai dabino da zamzam da man shafawa na ƙafar Inna. Abaya baƙa ta Ladi ce, jallabiya taka ce. 'Yar ƙaramar rigar ta 'yata ce. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku a kira ni ta imo in gan ta a ciki, kwanakin baya da na kira ɓuya ta yi a bayan uwarta, ta ƙi kallona.

Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, kuɗi ne, Allah zai mayar, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ni ya kamata a ce ina riƙe da hannunta zuwa bankin nan. Ta yafe min, ta ci gaba da sa min albarka. Ka gaida Goggo da Kawu, da Malam Liman, da mutanen majalisa baki ɗaya.

Ranar da kuka je banki ka ɗauki hoton takardar ƙorafin ka turo min ta lambata kai tsaye, ba a guruf ba. Lambar sirri kuma kai kaɗai, ko ni kada ka turo min ita a waya.

Wassalam.
Naka, ƙaninka a Jidda.