Godiya ga Kamfanin Mazda daga Wanda Ya Sayi MX-5 a Hannu na Uku

Zuwa ga shugabanni, injiniyoyi da ma'aikatan kamfanin Mazda da ke Hiroshima,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na san ba ku san ni ba, sunana kuma ba ya cikin littafin masu cinikinku. Ban taɓa sayen sabuwar mota daga wurinku ba. Wadda nake hawa, MX-5 ce da mutum biyu suka riga ni mallaka, kuma abin da ya shiga asusunku daga aljihuna bai wuce 'yan kuɗin kayan gyara ba. Duk da haka na ga ya wajaba in rubuto muku a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole, kuma alherin da kuka yi ya iso har wurin irinmu da ke can ƙarshen layi.

Na daɗe ina sha'awar ƙaramar mota mai kujera biyu da ake buɗe rufinta. Ina da motar da nake ɗaukar iyali da kaya, saboda haka abin da nake nema shi ne motar da zan hau don tuƙin kansa. Kuɗin da na ware ba su da yawa, kuma duk wanda na yi wa zancen sai ya ce mini araha ba ta ado: motar nishaɗi in ta yi sauƙin kuɗi, to a gareji za ta riƙa kwana. Akwai gaskiya a maganarsu, shi ya sa na yi watanni ina dubawa ban yi gaggawa ba.

Motocin da na sa a gaba duk masu kyau ne, ba zan kushe ko ɗaya ba. Honda S2000 tana da injin da ke juyawa har sau 9,000 a minti, amma tun 2009 aka daina ƙera ta, masu ita kuma sun san abin da suke riƙe da shi, farashinta ya fi ƙarfina. Porsche Boxster ta farko, wadda ta fito a 1996, ta sauko sosai a kasuwar motocin hannu, sai dai kuɗin sayenta ne ya sauko, kuɗin kula da ita yana nan a matsayin na Porsche, ga shi injinta a tsakiya yake, ba a kai masa hannu cikin sauƙi. Nissan 350Z tana da ƙarfi da murya mai daɗi, tana kuma da nauyi da shan mai daidai da injinta mai lita 3.5. Toyota MR2 ta ƙarshe ta burge ni ƙwarai, amma kusan babu inda mutum zai sa jaka. Duk inda na zaga sai lissafi ya dawo da ni kan taku.

Sai dai ita ma MX-5 ɗin ba kowace ake saye ba. Zuciyata ta fi karkata ga ta farko, wadda ake kira NA, mai fitilun nan da ke ɗagowa kamar an buɗe ido. Na samu wata ja, fenti na ƙyalli, mai ita na ta rantsuwa cewa ba ta da aibi ko ɗaya. Bakaniken da na tafi da shi bai ce komai ba. Ya durƙusa gaban tayar baya, ya ɗora maganaɗisu a ƙasan ƙofa, maganaɗisun ya faɗo. Ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, nan ba ƙarfe ba ne. Tsatsa ta ci, an cike ramin an shafe da fenti. Mu tafi." Kyan ɗan maciji ke nan. Laifin kuwa na masu riƙon ne: rufin motar yana da 'yan hanyoyin da ruwan sama ke bi ya fita ta ƙasa, in an bar ganye da ƙura suka toshe su, ruwa zai kwanta a cikin bodi shekara da shekaru yana ci. Aikin minti goma ne share su, amma ba a yi ba.

Daga ranar na san abin da zan riƙa dubawa, kuma ina faɗa a nan don wanda zai karanta wannan wasiƙa yana da niyya irin tawa. A fara da ƙarƙashin mota kafin a kalli fuskarta, domin inji ana gyara shi ko a canza, amma bodin da tsatsa ta cinye ya fi komai cin kuɗi. A iske injin a sanyaye, mai saye ya tayar da shi da kansa, ya saurara, ya kalli hayaƙin salansa. A ɗaga rufin a sauke, a taɓa kafet ɗin bayan kujeru ko da danshi. A nemi takardun sabis. Motar da ta yi tafiya mai yawa ana canza mata baƙin mai a kan lokaci ta fi wadda aka ajiye tana ruɓewa da ƙaramar lamba a mita. A MX-5 ta ƙarni na farko da na biyu kuma a tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, a kalli saman lagireto, in robar ta koma ruwan ƙasa to ta tsufa.

Wadda na saya daga ƙarshe ta ƙarni na uku ce, NC, wadda kuka ƙera daga 2005 zuwa 2015. Masoya MX-5 da yawa suna ganin ta fi 'yan uwanta nauyi, shi ya sa ba a rububinta kamar ta farko, wannan kuwa ya yi wa aljihuna daɗi. Tana da inji mai lita 2.0, giyar hannu, rufin tamfol. Ciki ya ɗan fi na baya faɗi, dogon mutum zai zauna ba tare da gwiwarsa ta tokare sitiyari ba. Injinta da sarƙa yake aiki maimakon bel, an rage wa mai ita ɗawainiya ɗaya ke nan. Na ga irinta mai rufi mai tauri da ke naɗe kansa cikin daƙiƙa 12 ba tare da ya ci wurin kaya ba, dabarar da kuka fito da ita a 2006, amma na zaɓi ta tamfol. Maƙulli ɗaya ne a tsakiya, in buɗe shi, in tura rufin baya da hannu ɗaya ina zaune, shi ke nan. Babu wata na'ura da za ta lalace wata rana ta bar ni a buɗe cikin ruwan sama.

Ban san abin da kuka yi ba sai ranar da na fita da ita hanya mai kwana-kwana da sassafe. Ƙarfinta bai wuce doki 160 ko kusa da haka ba, motocin iyali da yawa na yau za su wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya. Amma da na karya sitiyari kaɗan sai ta bi, ba jinkiri, ba tangaɗi. Sandar giyar gajeriya ce, da wuyan hannu kawai ake sa ta, kowace giya tana faɗawa mazauninta da ɗan sauti mai gamsarwa. Mutum yana zaune ƙasa-ƙasa, kusa da tayoyin baya da ke tura motar, yana jin abin da kwalta ke faɗa ta tafin hannunsa da ta kujera. Babban abin shi ne duk wannan daɗin yana samuwa a gudun da doka ta yarda da shi. Motar da ke da doki 400 sai ka kai ta gudun ganganci kafin ta farka. Wannan kuwa a kilomita 60 a awa ta riga ta fara hira da kai. Ga iska, ga ƙamshin ƙasa bayan ruwa, ga sama a buɗe. Na dawo gida ban je ko'ina ba, amma raina fes.

Daga baya na bi tarihin, na gane cewa ba dace aka yi ba. Kuna da kalmar da kuke kiran wannan abu da ita, Jinba Ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa hawan doki mai jin linzami ya san ma'anarta ba sai an fassara masa ba. Na karanta yadda wani ɗan jarida Ba'amurke, Bob Hall, ya kawo wa Kenichi Yamamoto, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyinku, shawarar a farfaɗo da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen rufi irin ta Ingila, a lokacin da irin wannan mota ke mutuwa. MGB da Triumph Spitfire duk a 1980 aka rufe babinsu, kuma kamfanoni sun ɗauka kasuwar ta ƙare. Ku kuka ɗauki kasadar. Toshihiko Hirai ya jagoranci aikin, aka nuna motar a bajekolin Chicago a watan Fabrairun 1989, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 kacal. Kun ɗauko daɗin motocin Ingila irin su Lotus Elan, kuka haɗa shi da abin da mai ƙaramin ƙarfi ya fi buƙata, wato motar da za ta tashi kowace safiya. Bayan nasararku ne BMW Z3 ta fito a 1995, Mercedes SLK da Boxster suka biyo a 1996. Har waɗanda suka sayi motocin wasu kamfanoni suna da godiyar da za su yi muku.

Abin da ya fi shafata a matsayina na mai sayen ta hannu shi ne yawan da kuka ƙera. A shekarar 2000 kundin Guinness ya tabbatar da MX-5 a matsayin motar wasanni mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da ta fi kowace sayuwa a duniya, a watan Afrilun 2016 kuma kuka fitar da ta miliyan ɗaya. Wani zai ga lambobi ne kawai na alfahari. A wurina ma'anarsu ita ce zan iya juya wa mota mai tsatsa baya ba tare da fargaba ba, don na san akwai wata a gaba. Ma'anarsu kuma kayan gyara suna samuwa, sababbi da na hannu, kuma duk matsalar da za ta taso wani ya riga ya gamu da ita ya bayyana maganinta. Bakanikena da ya buɗe bonet ya ga inji mai silinda huɗu a miƙe, babu na'urar turbo mai cusa wa inji iska, ga sarari hannu na shiga ko'ina, sai ya yi murmushi ya ce wannan ba za ta ba mu wahala ba. Tun da na saye ta, abin da na yi mata shi ne baƙin mai, fulogi, birki da tayoyi. Rashin nauyinta ma ya sa ba ta cin taya da birki da wuri.

Wani abu da ya ƙara muku daraja a idona shi ne shirin da kuka fara a Japan a 2017 na karɓar tsofaffin NA ku mayar da su kamar sababbi, tare da sake ƙera wasu kayansu da suka ɓace a kasuwa, har da rufin tamfol da sitiyarin Nardi na katako, aka kuma dawo da irin tayar Bridgestone da motar ta fara fitowa da ita. Tawa ba ta cikin wannan shiri, kuma ba a Japan nake ba. Amma kamfanin da zai koma ya kula da motar da ya sayar kusan shekara 30 da suka wuce, ya nuna cewa bai ɗauki ciniki a matsayin abin da ke ƙarewa a bakin ƙofar shago ba. Wannan ya kwantar mini da hankali ranar da nake ƙirga kuɗi.

Ba zan ɓoye wa mai karatu iyakarta ba. Mutum biyu take ɗauka, wurin kayanta lita 150 ne, jakar tafiyar kwana biyu ke nan. A doguwar hanya akwai ƙarar iska da ta taya, kuma in rana ta take tsaka gara a rufe rufin. Wanda mota ɗaya zai mallaka ga iyali, ba ita ce tasa ba. Ba ku taɓa cewa ita ce ba, kuma ina ganin wannan tsayuwa kan manufa ɗaya ita ce ta kai ta inda take.

Na ji daɗi da na ga cewa a ƙarni na huɗu, ND, da ya fito a 2015, kun yi abin da ba a saba gani ba: motoci na ta ƙara girma da nauyi, ku kuka rage wa taku kusan kilo 100, har ta fi ta farko gajarta. Ta ci kyautar gwarzuwar motar duniya ta 2016, kuma ta cancanta. An ce injiniyoyinku suna bin kowane ƙaramin ƙarfe suna neman inda za su rage giram ɗaya. Ina so wanda ya yi kwanaki yana wannan aiki a kan madubi ko maƙullin rufi ya sani cewa aikinsa bai ɓata ba, ina jin sa a hannuna duk lokacin da na shiga kwana.

Roƙona ɗaya ne. Na san dokokin hayaƙi da zuwan motocin lantarki za su tilasta muku sauye-sauye, batir kuma abu ne mai nauyi. Duk abin da za ku sa mata a gaba, ku bar ta ƙarama, mara nauyi, mai sauƙin gyara, kuma kada farashinta ya tashi ya bar talaka. Akwai wani matashi yau da ba shi da kuɗin sabuwa, wanda nan da shekara 15 zai durƙusa gaban tayar baya da maganaɗisu a hannu yana duba wadda kuke zanawa yanzu. Ku tuna da shi kamar yadda kuka tuna da ni ba ku sani ba.

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga ma'aikatan da ke kan layin haɗa motoci a Hiroshima, waɗanda hannunsu ya ɗaure kusoshin tawa. Har yau ba ta ƙara, ba ta yoyo. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku da girmamawa,
Mai MX-5 na uku a jerin masu ita