Amsa Ga Alhajin Da Ya Ce An Saye Bakina

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Laraba ka bugo waya a shirin lafiya na rediyo nan Gombe, bayan na ce hawan jini ba ƙaruwar yawan jini ba ne, ka ce in har jini bai ƙaru ba, to me ya hau? Ka ƙara da cewa masu sayar da ƙwaya ne suka saye bakina. Tambayar ba laifi. Ƙarashen ne ya hana ni barci.

Shekara 26 ina aikin jinya. Ka tambaya daga Jekadafari har Pantami, ko akwai wanda na taɓa tura shi wani kanti don a ba ni lada. Kai kuwa kowa ya san motarka da lasifikarta, da kwalaben da kake cewa suna rage jini cikin kwana uku. Kai ne mai haja a wannan magana, ni ba ni da ita.

Ga abin da ya hau. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Ka je Dadin Kowa ka ga mai ban-ruwa: in ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan sai ya yi tsartuwa da ƙarfi, alhali ko ɗigo bai ƙaru ba. Haka ƙananan jijiyoyin jini suke. Bangonsu da tsoka, tana matsewa tana saki dare da rana ba da saninka ba. A wuya da kusa da zuciya akwai wuraren da ke jin ƙarfin bugun jini, su sanar da ƙwaƙwalwa nan take. Shi ya sa in ka miƙe zumbur daga tabarma jiri kan ɗebe ka na ɗan lokaci, kafin jijiyoyi su matse su mayar da jini sama. Dubi bayan hannunka a zafin Afrilu, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Da hunturu sai su noƙe. Shimfiɗar cikin jijiya ma tana fitar da wata iska mai sa tsokar ta saki, kuma kan gano wannan aka ba masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998. In matsewar ta zama jiki, awo ya tsaya 140 bisa 90 ko sama, shi ne hawan jini. Ƙwaya irin amlodipine ba ta zubar da jinin kowa, bangon take sassautawa.

Inda kake da 'yar gaskiya, gishiri na riƙe ruwa a jiki, ƙoda kuma na da hannu. Don haka nake roƙon mata su rage dunƙule da kanwa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini. Batun cewa na raina maganin iyaye da kakanni, ban taɓa faɗa ba.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Bara aka kawo mini wata baiwar Allah, sa'ar mahaifiyata, baki ya karkace, hannun dama na lilo. 'Yarta ta kwance bakin zane ta nuna mini katin ƙwaya cike, wata biyu ba a taɓa ba, don an ce mata ta warke tunda kai ya daina ciwo. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, Alhaji. Irinta nake gani wata bayan wata, ba kuma mai hana lasifika yin alkawari a bakin kasuwa.

Na'urar awo tana jakata. Ka tara masu shan kwalbarka ranar da ka ga dama, zan zo in auna su kyauta a gabanka, har da kai in ka miƙo hannu.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya, Gombe