A Tambayi Tsofaffi Kafin a Zuba Musu Tayil

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya same mu a gidanmu da ke Tudun Wada a Kaduna, don na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Shekara 2 da suka wuce, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka gyara wa mahaifiyarmu ɗakinta. Muka fasa daɓen siminti, muka zuba tayil mai sheƙi har cikin banɗaki, muka ɗaga ƙofa da matakala uku saboda ruwan damina. Duk wanda ya shigo sai ya sa mana albarka. Mun yi shawara da magini, mun yi da mai sayar da tayil, amma ba wanda ya tambayi Inna, mai shekara 75 da ciwon gwiwa. Wata asuba ta ɗauki butarta za ta yi alwala, santsi ya kwashe ta, ta karye a ƙugu. Wata 4 ta yi a kwance. Ƙashi ya haɗe, amma tsoro ya zauna mata. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina leƙa maƙwabta barka ko ta'aziyya, matar da ba a suna a layinmu ba tare da ita ba.

Na ce mata, "Inna, don me ba ki gaya mana tayil ɗin nan yana ba ki tsoro ba?" Ta ce, "Ɗan nan, kun kashe kuɗinku don ku faranta mini rai, da wane baki zan kushe?" Tsofaffinmu suna da kawaici. In ba ka zauna ka tambaye su ba, ka kuma tsaya ka ga yadda suke tashi da yadda suke dafa bango, ba za su taɓa faɗa maka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa a cikinta. Mu kuwa sai mu ce tsautsayi ne mu yi shiru, alhali an ce mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Gyaran da muka yi daga baya bai kai rabin kuɗin asibiti ba. Muka sauya tayil ɗin banɗaki da mai kaushi. Mai walda ya kafa mata ƙarfen dafawa a bango, daga gado har bayi. Muka cire masai na tsuguno muka sa na zama, muka mai da matakalar gangare, muka rataya fitilar sola a tsakar gida. Wurin alwala kuwa ita ta nuna da sandarta inda take so a gina mata ɗan dakali, da tsayin da zai yi mata daidai, kuma ya fi duk abin da muka tsara amfani.

Sai dai gida ba shi ne iyakar rayuwar tsoho ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa titi, sai ka tsallake kwata a kan katako guda mai lilo. Haka abin yake a lunguna da yawa na Rigasa da Badarawa da Unguwar Shanu. Aikin sabunta birnin Kaduna da aka fara a 2019 ya kawo manyan tituna masu gefen tafiya a ƙasa, mun gode, amma dattijon da ke cikin lungu sai ya iya fita daga lungun kafin ya more su. Masallatai nawa muka gina da dogayen matakala da tayil mai santsi a wurin alwala, alhali dattawa ne ke cika sahun farko?

Doka ma tana nan. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shigarsu, kuma wa'adin ya cika a 2024. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka sa hannu a dokarta a 2018. Ina kira ga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, duk lokacin da aka kawo mata zanen masallaci ko asibiti ko kasuwa, ta duba ko mai sanda zai iya shiga ba tare da an ciccibe shi ba. Kwamitocin masallatai da masu unguwanni su ma su zaunar da dattawa kafin a aza bulo.

Mu a layinmu mun yi karo-karo mun rufe kwatar da siminti. Makon jiya Inna ta tsallaka da ƙafarta ta je suna gida na uku da namu, karo na farko tun da ta faɗi.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Kaduna.