Sunanta Betula pendula, don Allah ku gyara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai, shi ya sa na kasa yin shiru. Sau uku mai gabatarwa yana kiran bishiyar nan mai farin ɓawo ta Turai da Betula alba, babu wanda ya tsayar da shi. Sunanta Betula pendula! Linnaeus ne ya sa alba a 1753, ya cusa bishiyoyi biyu cikin suna ɗaya, sai wani masani Bajamushe, Roth, ya ware wannan ya raɗa mata pendula a 1788. Yau sama da shekara 200 ke nan da gyaran.

Ni karatun gandun daji ya kawo ni Finlan, inda ita ce bishiyar ƙasa, suna kiranta rauduskoivu. Shekarata ta farko malaminmu ya kai mu daji cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ya ce kowa ya cire safar hannu ya shafa ƙananan rassa. Na pendula kaushi gare su, kamar ƙuraje. Na 'yar'uwarta Betula pubescens kuwa gashi ne mai laushi. Ya nuna mana yadda rassan suke reto ƙasa, ya ce abin da pendula ke nufi ke nan, mai reto. Ya nuna gindin tsohuwar bishiya, inda farin ɓawon ya tsage ya yi baƙi. Yatsuna sun sandare ranar, amma har gobe ko ido rufe zan bambanta su. Sai ga shi a minti biyu kun sake haɗe su a kunnen dubban mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da baƙonku ya ce sunan kimiyya burgar 'yan boko ce. Haba! Mu da muke kiran bishiya ɗaya darbejiya, dogon yaro, maina, kowane gari da nasa, mu ne za mu raina sunanta na kimiyya, Azadirachta indica? Ɗalibai suna sauraronku, wasu rubutawa suke yi.

Sannan ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin muryar mai magana. Mahaifina a gida kunnensa ya yi nauyi, ya ce rabin hirar ba ya ji.

Ina jiran gyara ranar Lahadi mai zuwa, a farkon shiri.

Naku mai sauraro,
daga Finlan